Kawu da Waƙar da Ta Ƙi Dawowa

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na Yelwa, taga a buɗe kamar yadda ya ce a bar ta. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, shi dai ya riga mu kama hanya. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma tunda matarsa ta daɗe da rasuwa, bai kuma bar ɗa ko 'ya ba, ni da Inna, mahaifiyata, muka zauna karɓar gaisuwa a tsakar gida, maza suna zaure da ƙofar gida.

Abin da na lura da shi a kwana ukun nan shi ne mutane ba su san ta inda za su yabe shi ba. In malami ya mutu a ce ya karantar, in masunci ne a ce ya ci guminsa. To mutumin da tun yana saurayi ba shi da wata sana'a sai tsara kiɗan badujala da waƙoƙin da jama'a ke rerawa tare, me za a ce? Liman ya roƙa masa gafara har sau uku a addu'a ɗaya, ni kuwa na san na ukun saboda gangunan ne. Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Ai mutumin kirki na, duk da dai..." sai ta tsaya tana gyara lulluɓi. Inna ta dube ta ta ce, "Duk da mi? Ƙarasa mana." 

Ranar uku wani dattijo ya zo daga Shanga, ya nemi iso ya gaida Inna. Mai i'ina ne, irin wadda gaisuwa ɗaya kan ɗauke shi lokacin da wani zai sha kofin kunu. Muka jira shi. Da ƙyar ya ba mu labari cewa yana makarantar firamare yara na kwaikwayonsa, malamai kuma sun daina kiran sunansa a aji, sai Kawu ya zo koyar da waƙar fareti ya fito da shi gaba, ya ce shi ne zai riƙa bayarwa saura suna amsawa. Dattijon ya sunkuyar da kai, ya fara amshin waƙar a hankali, harshensa bai sarƙe ko sau ɗaya ba. Ɗango biyu ya yi ya tuna gidan makoki yake, ya yi shiru yana neman gafara. Amma na riga na ga leɓɓan matan da ke zaune suna motsi, har da maƙwabciyar nan tamu. Ta ce, "Wagga ai waƙarmu ta ta makaranta. Shi yay yi ta?"

Shi ya yi ta, kuma abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Rabin ƙasar nan sun girma da waƙoƙinsa a baki ba su san nasa ne ba, laifin kuwa nasa ne, ni da shi mun sha faɗa a kan haka.

Kawu ya koyi busa bigila wurin wani tsohon soja da ke riƙe da 'yan badujalar wata makaranta. Ba a daɗe ba ya gane shi ba mabushi ba ne, numfashinsa gajere ne, amma kansa cike yake da kari. Daga nan ya ajiye bigila ya kama tsarawa. Makarantu su zo neman waƙar fareti, 'yan agaji su zo neman kiɗan maci, makarantun Islamiyya su zo neman waƙar ranar sauka, ma'aikatan lafiya su zo neman wadda za ta sa iyaye mata su fito da jarirai rigakafi. Da wannan ya ci, da wannan ya sha, da shi ya yi wa Inna kayan ɗaki. In aka tambaye shi aikinsa sai ya ce, "Ɗinki nika yi, sai dai ba a sawa a jiki."

Yana gama azkar ɗin asuba zai zauna da kofin shayi da cokali, ya yi ta ƙwanƙwasa gefen kofin har shayin ya huce. Babu mai yi masa magana a lokacin. Bayan nan ya buɗe littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya ja layi huɗu, ya raba aiki: nan bigila, nan babbar ganga, nan ƙananan ganguna, nan muryoyi. Rubutun nasa wani abu ne dabam, ajami da lambobi da wasu ƙugiyoyi da shi kaɗai ya san ma'anarsu. Muryoyin ma yakan raba su, masu siririya a sama, masu kauri a ƙasa, kuma bai taɓa korar yaro don muryarsa ba ta da daɗi ba. Ni shaida ce. Muryata tun ina ƙarama kamar ana jan buhu a ƙasa take, sai ya ba ni sauti ɗaya tak, ya ce in riƙe shi kada in saki ko sama za ta faɗo. Shekara uku ina riƙe da sautin nan ina jin ni ce ginshiƙin waƙar, sai da na girma na gane dabara ce ya yi don kada in ɓata wa saura.

Amma abin da ya bambanta shi da kowa shi ne yadda yake gwada waƙa. In ya gama amshi ba ya kai wa masu shi. Sai ya shirya ranar kasuwa ya tafi bakin ruwa, Warra ko nan Yelwa, ya sami wuri kusa da masu sauke kaya daga jirgi ko mata masu bandar kifi, ya zauna yana gyaran igiyar ganga, yana rera amshin ƙasa-ƙasa kamar mai yi wa kansa. Kasuwa uku yake yi haka. Daga nan sai ya rufe bakinsa ya jira. In ya ji amshin a bakin wani da bai san shi ba, ko mai tura amalanke ko mai tallar fura, sai ya ce, "Ta dawo," ya ƙarasa ta ya raba wa kayan busa da muryoyi. In ba ta dawo ba, ya sa ta cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Hujjarsa ita ce waƙar da ɗan dako bai ɗauka don kansa ba, yara ɗari uku ba za su ɗauke ta don bulala ba.

Wannan ɗabi'a ta sha haɗa shi da mutane. Na tuna wani hedimasta da ya zo gumi sharkaf, saura kwana goma fareti, ya ce ina waƙa. Kawu ya ce, "Ta tahi kasuwa, ba ta dawo ba." Mutumin ya ɗauka zolaya ce, ya yi dariya, da ya ga da gaske ne ya ce shi bai aiki waƙa cefane ba. Kawu ya ba shi wata tsohuwa da ta riga ta dawo, ya ce ya yi maneji. Sabuwar ba ta taɓa dawowa ba, tana cikin akwati har yau.

Faɗanmu na farko a kan rediyo ne. Ina aikin koyarwa lokacin, na ji an sa wata waƙarsa ta tseren jirage, mai gabatarwa ya ce waƙar gargajiya ce ta mutanen Yauri, ba a san wanda ya yi ta ba. Raina ya ɓaci, na ɗauki mayafi na nufi gidansa. Na same shi da rediyon a cinya yana murmushi kamar an yi masa albishir da Makka. Na ce zan rubuta musu takarda. Ya ce, "Ki rubuta ki ce mi, ɗiyata? Shekara nawa nika neman a ce haka." Na ce sunansa fa? Ya ce sunansa na nan a katin zaɓe, in ina son gani. Daga baya da wayoyi suka zo na so in ɗauki muryarsa yana faɗin wace waƙa ce tasa, sai ya riƙa tari da gangan duk lokacin da na danna. Ni dai a ganina mutum ya yi aiki a san shi ya yi, har yanzu kuma ban gama sauka daga wannan ra'ayi ba.

Waƙa ɗaya ce ta hana shi sakat, ita ce ta gungu. Su Kawu a kan wani gungu aka haife su, tsibiri a tsakiyar kogi, mai gonakin albasa da wata tsamiya a mashigar jirage. Da aka datse kogin ruwa ya hau, aka kwashe su aka kai su tudu. Kawu na saurayi lokacin, Inna kuwa ba ta wuce goyo da yawa ba. Innarsu, wato kakata, ta rasu shekara ɗaya kafin tashin, can aka rufe ta, can ruwa ya same ta. Kawu bai taɓa yin wannan zancen da bakinsa ba, a wurin Inna na ji. Abin da ya yi shi ne waƙa, amshinta kuwa ga shi:

Gungunmu, ina kwana?
Ruwa ya hau bai tambaye mu ba.
Tsamiyar mashiga, turmin Inna,
Mu mun tashi, ku kun zauna.

A ɗango na uku, kan kalmar tsamiya, murya na hawa sama ƙwarai kafin ta sauko. Babu wanda ya ba shi aikin wannan waƙa, babu mai jiranta. Ya riga ya tsara mata komai a littafi, inda bigila za ta shigo ita kaɗai, inda ganguna za su yi shiru a bar muryoyin mata. Amma dokarsa dokarsa ce. Ya kai ta bakin ruwa tun kafin a haife ni, ba ta dawo ba. Ya sake kai ta ina budurwa, shiru. Ya kai ta na uku da furfura da sanda, nan ma shiru. Duk sauran da suka ƙi dawowa yakan manta da su, wannan kuwa in muna tafiya a kasuwa sai in ga ya tsaya cak ya karkata kai, sannan ya ci gaba. Wata rana ya ce mini, "Na yi wa rigakahi waƙa ta dawo cikin kwana tara. Na yi wa uwata, an ƙi karɓa."

Da ƙafafunsa suka fara kumbura likita ya ce zuciya ce, sai tausayinsa ya rufe mini ido. Na san uwar wata ɗalibata, ita ce babba a cikin masu bandar kifi a Warra. Na je na same ta na faɗa mata buƙatata. Ta yi dariya ta ce, "Malama, mu da hayaƙi ya cinye muna maƙoshi?" Amma ta tara mini mata shida har da ita. Asabar uku ina zuwa, ina koya musu yadda nake koya wa 'yan aji huɗu, ɗango bayan ɗango, in sun kauce in ce a sake. Wurin hawan nan na tsamiya ya ba su wahala, na tsaya a kansa har sai da kowacce ta iya. Na koma gida ina jin na yi abin kirki.

Ranar kasuwa na ɗauki shatar mota na ce wa Kawu ya raka ni sayen kifi, iska za ta yi masa amfani. Na zaunar da shi a benci kusa da murafun banda na yi kamar ina ciniki. Can sai babbar ta ɗauko, saura suka amsa. Na saci kallonsa. Wallahi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, sandar ta zame daga hannunsa bai sani ba, bakinsa a buɗe, idanunsa sun cika. Ɗango na ɗaya, na biyu. Da suka zo na uku suka hau tsamiyar nan su shida a tare, tsaf, babu wadda ta kauce, sai na ga ya rufe bakinsa. Ya sunkuya ya ɗauki sandarsa. Ya saurare su har ƙarshe, ya yi musu sannu da aiki, ya ce mu tafi.

Muka kama hanyar gida har muka wuce Birnin Yauri. Sannan ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Wa ak koya musu?"

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Waƙa in ta yi yawo ba ta dawowa yadda tat tahi. Wani ya rage, wani ya ƙara, wani ya manta ya sa nashi. Wurin ga na tsamiya, ba mai banda da za ta hau shi don kanta. Waɗanga an tsaya kansu da bulala." Sai ya juyo ya dube ni. "Ke ta."

Na ce don ya ji daɗi na yi.

"Na ji daɗi," in ji shi. "Ɗango biyu." Sannan ya faɗi abin da har yau yake ci mini rai. Ya ce yanzu ko gobe ya ji ta a bakin wani, ba shi da yadda zai yi ya san ko tasa ce ta yi ƙafa ko tawa ce aka ɗauka. Shekarun da ya yi yana jira, na zo na zubar masa da su a Asabar uku.

Wata biyu ina zuwa gaishe shi yana amsa mini kamar baƙuwa. Inna ta shiga tsakani ta ce masa, "Yaya, yarinyar ga ƙauna tas sa ta." Ya ce ya sani, ai shi ya sa bai kore ni ba. Ni kuma nawa taurin kan ya motsa, na ce wa Inna mutum ba ya ƙulla wa kansa doka sannan ya zauna yana kuka da ita. Ta ce in je in faɗa masa da bakina in na isa. Ban isa ba.

Sai da ya kwanta sosai muka shirya. Wata safiya ya sa na jawo akwatin ƙarfen, ya ce in ɗauka, in na ga dama in koyi karanta ƙugiyoyinsa, in ban gani ba in ba masu ƙosai su naɗe kaya. Ya ce in buɗe taga. Daga ɗakinsa ana jin hayaniyar bakin ruwa in iska ta juyo. Ya daɗe yana saurare, kunnensa kuwa ya riga ya yi nauyi, sai ya ce, "Kin ji wani abu?" Na saurara. Injin jirgi ne da masu kiran fasinja. Na ce, "A'a, Kawu, ban ji ba." Ya yi 'yar dariya har tari ya kama shi, ya ce, "Madalla. Yau gaskiya kinka hwaɗi." Da tarin ya lafa ya kama hannuna ya ce, "Na yahe miki. Malama ta ke, ba ki iya jin kuskure ki ƙyale." Kwana biyar bayan nan ya cika, yana ganin waƙar uwarsa ba ta karɓu ba.

Bayan sadakar bakwai Inna ta haɗa rigunansa ta ce in kai wa wani ɗan baffansu da ke zaune a ƙetaren ruwa, a wani ƙauye da ban taɓa zuwa ba, shi ma Kawu rabonsa da can tun yana saurayi, don danginsa na wajen su ne kan zo. Na shiga jirgin inji da hantsi, mu fasinja kamar takwas da buhunan gero. Mai jirgin magidanci ne, ya kai shekaruna ko ya fi. Da muka kusa gaɓar can ya kashe inji ya ɗauki filafili, ya ce wurin akwai kututturan itatuwa a ƙasa, tsohon gari ne. Jirgi ya yi tsit, sai ƙarar ruwa. Yana tuƙi yana wani gunaguni da ban kula da shi ba, har sai da na ji ya ce ruwa ya hau bai tambaye mu ba.

Ƙunshin rigunan na cinyata, na riƙe shi da hannu biyu. Karin ya ja shi ya yi tsawo don ya dace da bugun filafili. Da ya zo ɗango na uku bai hau ko'ina ba, ya bi ta ƙasa ya wuce abinsa. Tsamiyar ma babu ita, kuka ya ce, kukar mashiga. Sannan inda Kawu ya sa turmin Inna, shi ya ce kabarin Inna. Kalmar da Kawu ya yi shekara hamsin yana kewaye ta bai iya furtawa ba, mutane sun sa masa ita a wurinta.

Na ce, "Malam, waƙar ga ta wa ta?"

Ya ce, "Wagga? Ba ta da mai ita, Hajiya. Ta mutanen gungu ta."

Na ce a Warra ya ji ta, wurin masu banda?

Ya ce shi bai zuwa Warra. "Tsohuwata ka yin ta in tana daka, tun muna ƙanana. Ta hi shekara goma da rasuwa. Nan ƙetare kowa ya iya ta, har ɗiyan goye da ita aka lallashi."

Wato tun kaiwar farko ta kama. Ta shiga jirgi ta ƙetare ta zauna a can, tana daka tana goyo, shi kuma yana wannan gaɓa yana karkata kai a kasuwa. Ruwan da ya raba shi da kabarin uwarsa shi ne ya tsaya tsakaninsa da amsarsa. Na yi kuka a cikin jirgin nan a gaban baƙi, wata mata da ke gefena ta ga ƙunshin ta gane, ta ce Allah ya jiƙan mai su. Na ce amin. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haɗa shi da innarsa a wurin da ruwa ba ya tashin kowa.

Sunansa na kan harshena. Ga dama ta samu, ga mutum takwas, ga waƙarsa, ga rigunansa a cinyata, ni ce kuma na yi shekaru ina faɗa don a san shi. Mai jirgin ya ga yadda nake dubansa, ya tsayar da filafili ya ce, "Ko na ɓata ta, Hajiya? Kamar kin san ta."

Na ce, "Ba ka ɓata ba. Sake muna daga hwarko."

Ya sake, ya ƙara kauce wa hawan, har ya ci rabin ɗango na biyu. Na riƙe bakina har muka kai gaɓa.